Ranar Sunan da Na Ɗaga wa Surukata Murya

Mun tashi daga Birnin Kebbi da asuba, ana fitowa daga masallaci, mu uku a mota: ni, da maigidana, da ƙanensa wanda ke tuƙi. Ƙauyensu muka nufa, can bayan Kaoje a ƙasar Bagudo, inda idan ka ƙara gaba kaɗan za ka ji an koma ciniki da sefa, kuɗin ƙasar maƙwabta. Autarsu ce ta haihu, haihuwar fari, za a yi suna. Yara mun bar su wurin mahaifiyata saboda makaranta. Yau kwana goma sha biyu da dawowarmu. Da gangan na jinkirta rubuta labarin, ina jira zuciyata ta huce. Ba ta huce ba, don haka ku yi haƙuri da yadda zai fito.

Ga waɗanda ba su sani ba, maigidana yana da ciwon siga, irin wanda ke kama mutum tun yana yaro, ba irin na manya da ake shan ƙwaya a rage tuwo ba. Jikinsa ba ya yin insulin ko kaɗan. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake yi wa kansa allura, yanzu ya doshi arba'in. Allurar iri biyu ce: akwai mai dogon aiki da yake yi sau ɗaya bayan isha'i, akwai mai saurin aiki da yake yi duk lokacin da zai ci abinci. Shekararmu tara da aure, kuma na iya sha'anin nan fiye da yadda na iya ɗinki, alhali ɗinki ne sana'ata. Kayan allurar suna cikin wata ƙaramar jaka shuɗiya, da fulas mai ƙanƙara don kada zafi ya lalata maganin. Na'urar awon siga kuwa, da tsinken gwajin fitsari, da takardar da likitansa ya rubuta mana ta abin da za a yi idan ya kwanta rashin lafiya, suna cikin jakar hannuna.

Damina ta yi nisa, ko'ina kore shar. Daga Kalgo zuwa Jega hanya ba laifi. Bayan Maiyama ne ramuka suka fara gaishe mu, ƙanen miji yana kauce wa ɗaya yana faɗawa biyu, yana kuma ba mu labarin yadda ya san hanyar kamar tsakar gidansu. A Koko muka karya da waina da miyar taushe mai zafi. Maigidan ya ƙirga wainarsa guda huɗu, ya ɗaga riga a cikin mota ya yi allurarsa, mai wainar tana leƙe tana cewa Allah ya sawwaƙe.

Raina ya fara ɓaci ne a wani shinge bayan Besse. Wani mai kaki ya ce a buɗe shuɗiyar jaka. Da ya ga sirinji sai ya ɗaga shi sama yana kiran abokin aikinsa, kamar ya kama ɓarawo da akuya a kafaɗa. Ya dubi maigidana ya ce, "Malam, da gemunka da komai, kai ma kana yi?" Na miƙa masa katin asibiti, bai ko duba ba. Ya buɗe fulas ya ajiye a kan murfin mota, rana tana dukansa, ya tafi sallamar wata motar itace. Kusan minti ashirin ƙanƙararmu tana narkewa. Ni ina tafasa, maigidan kuwa yana murmushi yana cewa, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe." Haka yake. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba, kuma ni da bakina na sha yaba masa wannan hali.

Mun yi azahar a Bagudo, muka haye gadar Tuga. Kogin Kwara ya cika ya batse, ruwan ja kamar kunun kanwa, ya haɗiye gefen gonakin shinkafa, masu kwale-kwale suna ratsawa tsakanin kawunan bishiyoyi. Kifi a bakin gada ya yi araha har na ji haushin masu sayar mana a birni. Na sayi ragon ruwa ƙyafaffe na kai wa mai jego. Bayan Kaoje muka sauka daga kwalta muka hau jar hanya, man fetur sai a kwalba a bakin titi, shanu sun fi motoci yawa. La'asar sakaliya muka shiga ƙauyen.

An karɓe mu da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Inna, mahaifiyar maigidana, tsohuwa ce siririya mai kuzari, ba ta zama wuri ɗaya. Cikin 'ya'yanta bakwai shi ne na huɗu, kuma shi ne wanda take ji da shi, ƙila don ta ga ya taso da ciwo. Ta sa aka yi mana tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, maƙwabta Fulani suka aiko da fura da nono mai kauri. Garin ba wuta. Na naɗe kwalaben insulin a leda na sa cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan.

Washegari muka raka Inna kasuwar bakin iyaka sayen kayan suna. Tun kafin mu isa wayata ta yi ƙara, saƙo ya shigo da Faransanci, wai ana yi mini maraba da zuwa ƙasar da ban shiga ba. Kasuwar kuwa kunne ya sha yare: Dendanci, Fulatanci, Yarbanci, Hausa iri uku. Ga manja, ga garin rogo, ga dogon burodi mai tauri kamar sanda, ga cukun nono soyayye da suke kira wagashi, wanda na ci har na manta da kunya. Na sayi atamfa turmi biyu. A bakin kasuwa akwai wata tsohuwar mota da lasifika a kanta, mai magani yana ta zuba: basir, shawara, sanyin ƙashi, hawan jini, siga. "Kwana bakwai ka yi bankwana da allura," in ji shi. Na yi tsaki na wuce. Na lura Inna ta ɗan tsaya a baya, amma na ɗauka goro take tayawa.

A hanyar komawa maigidan ya ce yana jin sanyi, alhali mu gumi muke yi. Kafin magariba jikinsa ya yi zafi rau, kai yana sarawa. Ya kurɓi kunu ya dawo da shi. Na auna siga, ta ɗan hau amma ba ta kai abin tsoro ba. Na ba shi maganin zazzaɓi, na ɗauko takardar likita na sake karantawa, ko da yake na haddace ta. Layin farko an ja masa layi biyu a ƙasa: kada a daina allura mai dogon aiki, ko da bai ci komai ba. Sai awon siga duk bayan awa biyu zuwa uku. Sai ruwa, kurɓi-kurɓi, ba ƙaƙƙautawa. Idan siga ta yi ƙasa a ba shi abu mai zaƙi kaɗan-kaɗan. Idan ta yi sama a gwada fitsari. Idan amai ya ƙi tsayawa, asibiti.

Gidan ya cika da baƙin suna, ɗakin da aka ba mu mata sun zuba kaya a ciki. Inna ta ce a mayar da shi ɗakinta, ita za ta kula da shi. A nan na yi kuskuren da har yanzu nake cizon yatsa a kansa. Kunya ta hana ni in ce zan kwana a ɗakin surukata kusa da ɗanta. Na haɗa kayan allurar a shuɗiyar jaka na miƙa masa daga bakin ƙofa, na ce kada ya manta ta bayan isha'i. Ya ce to. Na leƙa sau ɗaya kafin in kwanta, Inna ta ce ya samu barci, kada a tashe shi. Na koma. Takarda ta ce duk awa biyu, ni kuwa na bar shi har gari ya waye, don kada a ce matar birni ba ta da ta-ido.

An yi ruwa mai yawa kafin asuba. Da hantsi maza suka taru a ƙofar gida don raɗin suna, mata suna ta ɗora tukwane. Na yi sallama na shiga ɗakin Inna. Tun daga bakin ƙofa na ji numfashinsa, dogo mai nauyi, kamar wanda ya yi gudu. Leɓɓansa sun bushe sun tsage, idanu sun faɗa. Akwai kwano a gefen gado, ya yi amai a ciki ba sau ɗaya ba. Da na sunkuya sai na ji warin bakinsa, wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Sau ɗaya na taɓa jin wannan wari, a shekarar farko ta aurenmu, kuma sai da muka yi kwana biyar a asibiti.

Na soki yatsansa. Na'urar ta ƙi ba da lamba, ta nuna alamar da take nunawa idan siga ta wuce iyakar abin da take iya aunawa. Na taimaka masa ya yi fitsari a gwangwani, na tsoma tsinke. Ya rine ya koma launi mafi duhu a jikin kwalbar. Ma'anarsa jiki ya rasa insulin, ya koma cin kitsensa, yana zuba guba a jini. Wannan gubar ce ke kashe masu irin ciwonsa, kuma ba ta ɗaukar kwanaki.

Na ce, "Ka yi allurar jiya?"

Ya kawar da kai. Da ƙyar ya ce, "Inna ta karɓi jakar."

A kan tagar ɗakin na ga wata kwalba mai baƙin ruwa, da hoton ganye a jiki, an sha kusan rabi. Kusa da ita ga kofin zuma. Wato mai lasifika ya yi ciniki, kuma da maganin ya yi ɗaci an bi shi da zuma.

Na fito na samu Inna a tsakar gida tana rabon goro cikin mata. Na durƙusa na yi ƙasa da murya, na ce, "Inna, jakar maganinsa nake so."

Ta ce, "Ba a yi wa mutum wagga allura ciki wayam, ɗiyata. Tun jiya bai riƙe komi ba. Bari shi samu abin da ya tsaya mai, sannan."

Na ce, "Inna, rashin allurar ne ya sa yake aman. Don Allah ki ba ni."

"Ni na haihe shi. Na ba shi magani, shina aiki, dattin ciki na ka hita. A ƙare suna tukuna."

Wata gwaggonsu ta sa baki, ta ce ai 'yan boko ba su yarda da komai ba sai allura. Wata ta ce mayu ne suka gan shi a kasuwa. Aka aika aka kira Baffa, ƙanen marigayi mahaifinsu, ya tsaya a bakin zaure ya ce in kwantar da hankalina, yanzu za a shafa fatiha, a ci abinci, in ya so da la'asar a duba. Ya ce ba a fita da mara lafiya ana tsakiyar taro, mutane za su ɗauka wani abu ne.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da Inna ba a shekara tara, na tsaya a tsakiyar gidanta, gaban baƙinta, na ɗaga murya har masu tuƙa tuwo suka saki muciya. Na ce ɗanku mutuwa yake yi a ɗakin can. Na ce ba zai kai la'asar a hayyacinsa ba. Na ce idan ba a ba ni jakar nan ba zan shiga in zazzage ɗakin kaf, kuma duk wanda ya tare ni shi zai amsa tambayar 'ya'yansa. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita a nan ba. Daga waje ana jin liman yana addu'a.

Daga cikin ɗaki sai na ji muryar maigidan, a shaƙe, yana cewa, "Ki bari mana. Inna ce fa." Wallahi da ba a kwance yake ba, ban san abin da zan gaya masa ba.

Mai jego ce ta raba gardamar. Yarinyar da ta haihu kwana bakwai, ta fito daga ɗakinta da lalle a ƙafa, tana takawa a hankali, ta wuce mu duka ta shiga ɗakin uwarta. Ta buɗe babbar kwallar da ake ajiye kwanonin biki, ta ɗauko shuɗiyar jaka ta sa a hannuna. Ta ce, "Anti, yi abin da kika sani." Sannan ta juya ta ce, "Inna, in Yaya ya mutu ranar sunan ɗana, da wane ido zan riƙa duban yaron?"

Na yi masa allura mai saurin aiki daidai yadda takarda ta ce a yi idan tsinke ya yi duhu. Na san wannan ba zai wadatar ba, domin jikinsa ya bushe, ruwa yake buƙata ta jijiya. Na nemi likitansa a waya, sai layin ƙasar maƙwabta ke kamawa. Ƙanen miji ya tada mota, maza biyu suka ɗauko shi. Za mu tashi sai ga Inna da mayafinta, ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta ɗora kansa a cinyarta.

Jar hanyar da muka bi shekaranjiya ta zama kwaɓaɓɓen laka. Ina gaba na juyo da rabin jikina, ina ɗura masa ruwa da murfin gora, murfi ɗaya duk bayan 'yan mintuna. Wani ya zauna, wani ya dawo. A wani kwari motar ta nutse har gindi. Wasu makiyaya da ke wucewa da shanu suka ajiye sandunansu, suka shiga lakar har gwiwa suka tura mu. Ɗayansu ya leƙo ya ga mai kwance, ya yi wa Inna magana da Fulatanci, ta amsa masa. Ko tsayawa a yi musu godiya ba su yi ba.

A wani gari kafin mu hau kwalta, ƙanen miji ya tsaya a wani shagon magani mai gado ɗaya a baya, ya ce ko ruwa a fara sa masa. Mai shagon, da farar riga da abin awo a wuya, bai tambayi komai ba. Ya dubi maigidan ya ce taifot ne da rashin ƙarfi, ya ɗauko ledar ruwa ya rataya. Na ce ya ba ni in gani. Ruwan siga ne. Na ce masa mutumin nan sigarsa ta wuce awo, ruwan gishiri yake buƙata, kana da shi? Ya ce ya ƙare, amma ai ruwa ruwa ne, wannan ma ya fi sa ƙarfi. Ya ƙara da cewa, "Hajiya, ke ce likitan ko ni?" Na ce babu likita a cikinmu, amma ni na iya karatu. Na ce a mayar da shi mota. Har yau idan na tuna mutum nawa ne ake kai wa wannan gado ba tare da mai karanta leda ba, sai in ji abinci ya fita raina.

Mun isa babban asibitin da ya fi kusa bayan azahar. A lokacin ya fara sambatu, yana kiran sunan 'yarmu. Wata nas ce ta karɓe mu, 'yar kudu, Kirista, wadda ta daɗe a yankin har Hausarta ta fi tawa Kabanci. Na ce mata siga irin ta yara, ya tsallake allurar dare, tsinke ya yi duhu, ga lokacin da na yi masa ta ƙarshe, ga adadin. Ba ta ɓata lokaci ba. Kafin likita ya iso ta sa masa ruwan gishiri, leda tana ƙarewa tana sa wata. Aka ci gaba da ba shi insulin kaɗan-kaɗan ana awo duk awa. Gwajin jini ya nuna zazzaɓin cizon sauro, aka fara masa allurarsa. Tsinken awon asibitin ya ƙare a ranar, da namu aka yi amfani. Likitan ya ce da mun ƙara 'yan awoyi, da sai dai wani labarin.

Da yamma, numfashinsa ya fara daidaita, na fito baranda na samu Inna zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, laka ta bushe a zanenta. Nas ɗin ta fito ta tsuguna a gabanta ta ce, "Mama, mi ya sa kika hana shi allura?" Ba da faɗa ta yi tambayar ba. Ni a duk ranar ban yi mata ita ba.

Inna ta ce yayanta, wanda suke ciki ɗaya, ya yi ciwon siga da girma. Wata rana ya sha maganinsa bai karya ba, ya tafi gona. "A bakin kunyar gona anka ishe shi, jiki sanyi ƙalau, gumi ya jiƙe mai riga. Likita ya ce magani na ya yi mai yawa, ba abinci. Da idona na gani. Shi ya sa."

Nas ta ce, "Abin da kika gani gaskiya ne, Mama, siga tana faɗuwa ta kashe mutum. Amma shi wanga, in zazzaɓi ya kama shi, sigarsa hawa take yi ko bai ci komi ba. Allurar dare ita ke riƙe da ransa. Ido ba ya gane hawa da faɗuwa, sai an auna. Shi ya sa matarsa ke yawo da na'urar nan."

Inna ta ce, "Shekara ashirin da wani abu, ba wanda ya taɓa hwaɗa min haka."

A nan fushina ya rasa inda zai tsaya. Na zo da shi cikakke don Inna, sai na tarar rabinsa ba nata ba ne. Matar nan ta ga mutuwa iri ɗaya, ta yi iyakar ƙoƙarinta ta kare ɗanta daga ita. 'Ya'yanta bakwai, huɗu sun yi makaranta, har da mai ciwon kansa, babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayanin minti biyar. Ni ma ban yi ba. Mai lasifika kaɗai ne ya yi mata magana a kan ciwon ɗanta da yaren da take ji, shi kuma ƙarya ya sayar mata.

Kwananmu uku a asibitin. A rana ta biyu, da ya iya zama ya sha kunu, na rufe labule na tambaye shi. Na ce kai ka san abin da tsallake allurar nan ke yi, ka fi ni sani, me ya sa ka miƙa mata jakar? Ya ce ta yi kuka, ta ce in ya yi allurar ba ta yafe ba, shi kuma ya ga dare ɗaya ne, da safe zai lallashe ta. Na ce dare ɗaya ne ya kusa mayar da ni mai takaba. Na ce biyayyar da za ta sa uwa ta binne ɗanta da hannunta ba biyayya ba ce, kuma da ka mutu, ita za ka bari da abin har ƙarshen ranta. Ya daɗe yana kallon ledar ruwan.

Kafin a sallame mu na kira Inna gefen gado, na sa na'urar a hannunta. Na nuna mata yadda ake soka yatsa, da inda ake ɗiga jinin. Ba ta karatun boko, amma tana gane lambobi saboda waya. Na ce idan ta ga ƙasa da kaza, a ba shi zaƙi. Idan ta ga sama da kaza, a nemi allura da asibiti. Ta soki ɗanta, ya ce wash, ta ce masa ya yi mata shiru. Sau uku ta maimaita lambobin. A wurin na ba ta haƙuri a kan muryar da na ɗaga mata gaban mutane. Ta ce, "Ya wuce." Ba ta ƙara ba, ban kuma sa ran ta ƙara ba.

Ba mu koma ƙauyen ba. Wani ɗan'uwansu ya zo da babur ya ɗauki Inna, aka aiko mana da kayanmu da naman suna a leda. Muka kamo hanya da hantsi, maigidan a kwance a baya, ni ina auna shi a Bagudo, a Koko, a Jega. Mun shiga Birnin Kebbi ana kiran la'asar, muka zarce wurin likitansa kafin gida, ya sake duba jininsa ya gyara masa adadin allura na kwanakin murmurewa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba sabo ba ne, yana rubuce a takardar da ke jakata tun da daɗewa. Mai irin wannan ciwo ba ya ajiye allura don ya kwanta rashin lafiya. A lokacin ne ma ya fi buƙatarta. A auna, a sake aunawa, a ba shi ruwa, a gwada fitsari, amai ya yi sau biyu uku a nemi asibiti tun yana iya takawa. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne, duk wannan ba ya aiki idan mutum ɗaya ne ya sani a gida. Ku gaya wa iyayenku. Ku gaya musu da rana tsaka, kowa yana lafiya, da yaren da suke ji, ku bar su su yi tambaya. Kuma wanda ke jinya kada ya bar kunya ta raba shi da mara lafiyarsa ko na dare ɗaya.

Shekaranjiya ƙanen miji ya zo duba yayansa. Ya ce a ƙauye har yanzu ana maganar, wai matar birni ta yi wa surukarta tsawa ranar suna, Baffa kuma yana jiran in kira in ba shi haƙuri. Maigidan ya dube ni a hankali ya ce ko zan kira, don a zauna lafiya. Na ce zan kira, zan gaishe shi, zan tambayi iyali da gona. Amma na ce a gaya wa Baffa tun yanzu, ranar da ɗansu ya sake kwantawa aka tsaya tsakanina da jakar nan, ko gaban wa ne, muryar da suka ji ita za su sake ji.